Yadda zaka haɗa kan jirgin ƙasa mai tururi da bulon LEGO, wanda zai sha kwana bai kife ba

Kan jirgi na farko da na haɗa da kaina, ba irin na cikin kwali mai zuwa da takardar bayani ba, sati uku na kwashe a kanshi. Na gyara tukunyar tururin tayi kyau, na kafa bututun hayaƙi, har fitila na maƙala mishi a goshi, duk wanda ya shigo ɗakin sai ya tsaya ya kalla. Ranar da na ɗora shi kan dogo ya tafi lafiya lau a miƙaƙƙen layi, yana isa kwanar farko tayar gaba ta haye dogo, ya kife gefe guda, rufin ɗakin direba ya fita ya shige ƙarƙashin gado. Wallahi ranan raina ya ɓaci sosai. Dole na wargaza shi kaf na dawo farko, saboda matsalar tana can ƙasa inda hannu baya kaiwa sai ka cire komai na sama. Toh dan Allah in zaka fara, fara daga taya da shasi, kar ka taɓa tukunya sai ƙasan nan ya zagaye layi sau ashirin ba gardama.

Kafin nan sai ka san ma'aunin bulon kanshi. 'Yan ƙusoshin nan da ke saman bulo, mu kira su maɓalli, daga tsakiyar ɗaya zuwa tsakiyar na kusa dashi milimita 8 ne. Bulo ɗaya tsayinshi milimita 9.6, falle kuma, wato siririn nan, 3.2 ne, kenan falle uku bulo ɗaya. Lissafin da zai fi maka amfani shine falle biyar in ka jera su sama da sama daidai suke da faɗin maɓalli biyu, milimita 16 kenan. Riƙe wannan a ka, zamu dawo kanshi. Kamfanin LEGO da ke Billund a ƙasar Denmak ya fara fitar da jirgi mai batir a kan dogo tun 1966, an bi ta kan masu lantarki na 12V da 9V mai dogon ƙarfe har aka zo tsarin inji mai batir da ake kira Powered Up a 2018, amma faɗin dogon bai canza ba, shi yasa tsohon tarago yake hawa sabon layi. Kwanar da suke sayarwa ana ce mata R40, guda 16 ke haɗa da'ira, kuma matsattsiya ce ƙwarai, jirgin gaske bazai taɓa shan kwana irin wannan ba. Duk wahalar wannan sana'a daga nan ta taso.

Sai ka zaɓi jirgin da zaka kwaikwaya, na gaske, kar kace daga kai zaka ƙirƙiro, zai fito kamar tankar ruwa mai taya. Ana lissafa kan jirgi mai tururi da tayoyinshi ne: ƙananan gaba, manyan tsakiya masu ja, sai ƙananan baya. Flying Scotsman na Ingila da aka ƙera a Doncaster a 1923 shi 4-6-2 ne, wato huɗu gaba, shida tsakiya, biyu baya, Big Boy na Amurka 4-8-8-4 saboda manyan tayoyinshi rukuni biyu ne, wannan kam kar ma ka kalle shi yanzu. In kana son na gida akwai su, layin dogo ya iso Kano tun 1911, kuma akwai kawunan jirgi samfurin 2-8-2 da aka kawo Najeriya daga Birtaniya wajen 1948 aka sa musu sunayen koguna, hotunansu suna nan a intanet. Ni shawarata ga mai farawa 0-6-0 ne, taya shida kawai ba na gaba ba na baya, irin ƙananan da ke jan taragu suna jera su a cikin tasha. In wannan yayi tafiya sai ka ƙara buri.

Ga dabarar da ta fi komai taimaka min. Nemi hoton jirgin da aka ɗauka daga gefe sak, ba a karkace ba, ka buga shi a takarda, kayi ta ƙara girma ko ragewa har babbar tayar da ke hoton tazo daidai da tayar LEGO da ke hannunka, wadda ta kai wajen milimita 30. Sai ka ɗauki rula ka ja layuka duk bayan milimita 8. Shikenan ka samu taswira, zaka ga tukunya maɓalli nawa ce, bututu a maɓalli na nawa zai zauna, ɗakin direba daga ina ya fara. Wajen faɗi kuma, yawancin jiragen kamfani maɓalli shida ne, masu haɗa nasu da yawa suna zuwa bakwai ko takwas don siffar tafi fitowa. Takwas yafi kyau a ido gaskiya, amma yafi cin bulo, yafi nauyi, kuma yafi fitina a kwana. Bakwai yana buƙatar dabarar rabin maɓalli ko'ina. Fara da shida.

Yanzu taya, nan ne zan daɗe. Manyan tayoyin LEGO na jirgin tururi sun fito ne da wani jirgin kamfanin mai suna Emerald Night a 2009, kuma iri biyu ne, akwai mai leɓe wanda leɓen ke riƙe dogo, akwai mara leɓe da ke zaune kawai a sama. Kuskurena na farko shine duka shidan na sa masu leɓe, a tunanina hakan yafi riƙo. Ashe a kwana layin lanƙwashe yake shi kuma shasi miƙe yake, aksil uku masu leɓe, aksil shine sandan da ke haɗa tayar dama da ta hagu, bazasu taɓa zama cikin lanƙwasa lokaci ɗaya ba, dole ɗaya ta haye. Maganin shine mai leɓe gaba, mara leɓe tsakiya, mai leɓe baya. Ta tsakiyan tana ɗan leƙawa waje a kwana ta dawo, ba mai lura. In kuma aksil huɗu ne kamar 2-8-2 ɗin can, kar ka sa masu leɓen a farko da ƙarshe, tazarar tayi yawa wa R40, sa su a ta ɗaya da ta uku ko ta biyu da ta huɗu. Akwai masu ƙera taya na waje irin su Big Ben Bricks masu girma daban daban, in jirginka tayarshi ƙarama ce ko ƙatuwa sosai.

Shasin kanshi da bulon Technic mai huji ake yinshi, layi biyu, a ɗaure su da falle sama da ƙasa kar su buɗe. Tazarar aksil da aksil dole ta zama cikakken maɓalli ba rabi ba, saboda sandar da zata haɗa tayoyin itama hujinta a jere yake maɓalli maɓalli. Kuma in ka zura aksil kar ka matse tayar jikin bulo, bar ɗan sarari kamar kaurin takarda, ka juya da yatsa kaga tana wulwulawa da kanta.

Sai maganar da take kayar da kusan kowa, wato yadda ake saita sandunan gefe. Kowace babbar taya tana da huji a gefe inda fil ɗin sanda ke shiga. Na ɓangaren dama duka su kalli waje ɗaya, na hagu ma duka waje ɗaya, amma tsakanin dama da hagu a samu bambancin kwata na zagaye. In na dama suna ƙarfe 12 na agogo, na hagu su kasance a ƙarfe 3. Ba 12 da 12 ba, ba 12 da 6 ba. Dalili kuwa, akwai inda sanda ke miƙewa sak da tsakiyar taya bata iya turawa gaba ko baya, toh a daidai lokacin ta ɗaya gefen ce ke da cikakken ƙarfi sai ta fitar da ita. Jirgin gaske ma haka ake mishi. Da yake aksil ɗin LEGO bakinshi kamar alamar tarawa yake, abin da sauƙi, juya tayar haƙori ɗaya kawai kafin ka zura. In kaji jirgi yana tafiya yana ɗingishi ko ya cije cak, kashi tara cikin goma taya ɗaya ce ka zura ba daidai ba. Kuma ka kula da kalar fil: baƙi da shuɗi masu riƙo ne, suna cijewa, mai ruwan toka da mai ruwan ƙasa su ke juyawa sakayau, su zaka sa a sanda.

In jirginka yana da ƙananan tayoyin gaba, kar ka kafe su jikin shasi. Yi musu ɗan akwatinsu daban, ka haɗa da dogon hannu mai juyawa a kan fil ɗaya daga can ƙarƙashin tukunya, yadda zasu riƙa kaiwa dama da hagu. Rigimar da zaka haɗu da ita anan itace silinda, domin a jirgin gaske daidai gefen tayoyin nan take zaune, a R40 kuma tayar in ta juyo sai ta doke ta. Ko ka ɗaga silindar da falle ɗaya, ko ka tura ta waje kaɗan, ko ka rage mata ciki ta ɓangaren da ba'a gani. Ni na fi son ɗagawa, ido baya kama falle ɗaya.

Wajen inji hanya biyu ce. Mai sauƙin itace ka sa injin jirgi na Powered Up a ƙarƙashin taragon kwal, akwatin batir ɗin, mai cin ƙananan batir AAA guda shida, ya zauna a samanshi ka rufe da baƙaƙen ƙananan bulo kamar tulin kwal. Kenan taragon ne ke tura kan jirgin, mai kallo bazai gane ba, kuma nauyin batir yana danne tayar ta kama dogo. Ta biyun itace ka ɓoye injin Technic cikin tukunya ko ɗakin wuta, ka sauko da ƙarfin ta giya zuwa aksil ɗaya, sanduna su raba ma sauran. In ƙaramar giya mai haƙori 12 ce ke juya mai 20, gudu zai ragu ƙarfin ja ya ƙaru, kuma jirgin tururi dama a hankali yafi kyan kallo, kaga sandunan nan suna kai da komo. Tayoyi masu leɓe suna da gurbin zoben roba, ka sa musu in sune ke ja, in ba haka ba zasu riƙa sulɓi a wuri ɗaya. Na farko dai kayi na turawa, na biyu sai ka shiga harkar giya.

Kafin ka ɗora ko bulo ɗaya na ado, gwada. Shimfiɗa da'ira, ka haɗa kwanar dama da ta hagu a jere kamar tafiyar maciji, ka sa wurin canjin layi in kana dashi, domin nan ne asirin kowane shasi ke tonuwa. Gaba, baya, a hankali, da gudu, da tarago uku a maƙale da maganaɗisu. Ɗora mishi 'yan bulo a sama su zama nauyi. Ka kwanta a ƙasa idonka daidai da dogo ka kalli tayar gaba lokacin da take shiga kwana, in kaga tana ɗan ɗagawa ko da kaɗan ne, akwai abinda ke taɓa ta.

Toh yanzu tukunya. Bulo mai kusurwa ne, tukunya kuma zagayayya, dabarar itace kayi ƙashin tsakiya da bulon nan masu maɓalli a gefe, sai ka manna bulo masu lanƙwasan baya ta sama da dama da hagu, kowanne yana kallon waje. Anan lissafin falle biyar maɓalli biyu zai cece ka, in ka kiyaye shi gefen zai haɗu da saman ba tsaga, in ka kauce zakaga rami ko kuma abu yaƙi shiga, kuma dan Allah kar ka danna da ƙarfi, bulo yana tsagewa. A ƙofar gaban tukunya faifan nan mai kamar tasa na maɓalli huɗu yana zama daidai, bututun hayaƙi kuma zagayayyen bulo da ɗan mazurari ko ƙaramar taya ba roba. Siraran bututu da sandunan riƙo su suke sa jirgi ya zama jirgi, amma kar ka cika, uku ko huɗu da ido ke fara gani a hoton sun isa.

Maganar kuɗi kuma, kar ka sayi ko ɗaya sai ka gina shi a kwamfuta. Manhajar Studio ta BrickLink, kasuwar bulon LEGO a intanet, kyauta ce, zata nuna maka ko wani bulon akwai shi a kalar da kake so, ta fitar maka da jerin kayan gaba ɗaya. Baƙi yafi sauƙin samu da araha, kore mai duhu kuwa wasu ɓangarorin tsada kamar me, ga dala ga kuɗin aikowa. Ni abinda nake yi, taya da giya da aksil da fil na asali nake saya ko da gwanjo ne, cikin tukunya inda ba'a gani kuma duk kalar da na samu nake cusawa. Bulon kasuwa marasa suna wasu suna kamawa da kyau wasu basa yi, a jiki zaka iya gwadawa, amma banda shasi.

In hunturu ya shigo ka rufe shi da ƙyalle ko ka sa shi a kwali, ƙura tana shiga hujin aksil ta riƙa cin robar a hankali, sai kaga wani farin gari a gefen taya. Buroshin fenti mai laushi ya isa sharewa, dogon ma a goge shi da tsumma kafin a kunna. Kar a bar shi a taga inda rana ke duka ko cikin mota da tsakar rana, kuma in zai kwana biyu ba'a taɓa shi ba a cire batir ɗin kar ya zubo a ciki.