Kafin ka sayi fulat a Ingila, ƙirga shekarun da suka rage

Ɗan'uwa, in ka fara tara kuɗin sayen fulat a Landan, Manchesta ko Birmingham, abu na farko da za ka tambaya kafin farashi shi ne: shekara nawa suka rage a takardar? Galibin fulat a Ingila da Wales ba mallakar har abada ba ce. Hayar dogon zango ce, ta shekara 99 ko 125 ko 999, ƙasar da ginin kuma na wani ne daban. Wanda ya san takardar C of O ta shekara 99 a Najeriya zai gane tsarin, sai dai a nan mai ƙasar yawanci kamfani ne ko wani mutum, kuma yana ƙirga ranakun sosai. Kowace shekara wa'adin na raguwa, darajar gidan na binsa.

Lambar da za ka riƙe ita ce 80. Da zarar shekarun sun sauka ƙasa da 80, mai ƙasa na da haƙƙin rabin ƙarin darajar da gidan zai samu bayan an tsawaita wa'adin, kuɗin tsawaitawar ya yi tsalle ke nan. Bankuna ma sukan ja baya wajen ba da bashi a kan irin wannan gida, don haka ranar da ka tashi sayarwa masu saye za su yi ƙaranci. Fulat ɗin da ka ga ya fi na maƙwabta araha, sau da yawa nan matsalar take. Da fam 7 za ka ciro bayanan gidan daga shafin ofishin rajistar filaye ka gani da idonka.

Wata dokar hayar gidaje ta shekarar 1993 ta ba ka haƙƙin ƙara shekara 90 a kan abin da ya rage, kuɗin ƙasa da kake biyan mai ƙasa shekara-shekara kuma ya koma sifiri, muddin asalin yarjejeniyar ta wuce shekara 21. A da sai ka shekara biyu da gidan, amma daga 31 ga Janairun 2025 an cire wannan sharaɗi. Ka fara ɗaukar ƙwararren mai ƙiyasta farashi da lauyan da ya saba da irin wannan aiki, ba wanda ya yi maka takardun biza ba. Lauyan zai aika wa mai ƙasa sanarwar neman ƙarin shekaru, ta Sashe na 42 na wannan doka, da tayinka. Ranar da ta isa ake tsayar da lissafi, shi ya sa wanda shekara 81 suka rage a takardarsa bai kamata ya yi barci ba. Mai ƙasa na da wata biyu ya ba da amsa, yana kuma iya neman kafin alƙalami na kashi 10 cikin ɗari na tayinka. In ba ku daidaita ba, kana da wata shida daga amsarsa ka kai maganar kotun musamman ta gidaje. Ka bari lokacin ya wuce, sanarwar ta faɗi, sai ka jira shekara guda. Kuɗin lauyan mai ƙasa da mai ƙiyasinsa ma a wuyanka suke, ka sa su a kasafi.

Mai ƙasa zai iya cewa ku sasanta a tsakaninku, ba sai an bi doka ba. Wani lokaci hakan ya fi sauri, amma ni ba na son hanyar. Yana iya ba ka shekaru kaɗan, ya bar kuɗin ƙasa na sauran tsohon wa'adin, ko ya janye a tsakiyar magana, ba inda za ka kai ƙara.

Za ka ji ana cewa a jira, sabuwar dokar 2024 za ta kawo ƙarin shekara 990 ta kuma soke rabin ƙarin darajar nan da mai ƙasa ke karɓa. Gaskiya ne tana ɗauke da haka, amma sassanta ba su fara aiki lokaci guda ba. Ka tambayi hukumar LEASE, mai ba da shawara kyauta, wane sashe ne ke aiki a ranar da kake ciki.

Waɗanda suka sayi gida ta bankin Musulunci su lura: galibi sunan bankin ne a rajista, don haka sai da hannunsa za a aika sanarwar. Ku tuntuɓe shi tun kafin ku biya lauya.