Yadda ake karanta zanen kango na Turawan da

Ni dai abin ya shige ni ne ranar da na bi ta badala na ga yara suna ta buga ƙwallo a gindin ganuwar da ta zaizaye, sai na tuna zanen Hubert Robert, Bafaranshen nan da ya shahara da zana kangwaye, mata na wanki abinsu a ƙarƙashin rusasshen ginin Rumawa. Wallahi kamar a Kano.

To in ka buɗe tsohon zanen Turawa a waya, na kango ne ko waninsa, kar ka tsaya kallon kyau, fara duba ko akwai mata biyu. Wadda ta rufe jikinta tana riƙe da littafi ko takobi, ita ce hikima, wadda ta ci ado da fure ko madubi a hannu kuma jin daɗi ce. Gwada da ɗan ƙaramin zanen Raphael na wajen 1504 da ke National Gallery a Landan, wani barde ya sheme yana barci a gindin bishiya, mace ɗaya na miƙo littafi da takobi, ɗaya na miƙo fure.

Sannan ka leƙa bayansu, nan ne maganar take fa. Bayan mai hikima hanya ce mai duwatsu da hawa, kamar hawan Dala da rana tsaka, bayan ɗayar kuwa fili ne shimfiɗe har da ruwa. Tushen abin labarin Girkawa ne na jarumi Hakulis da ya tsaya a mararraba tsakanin irin matan nan biyu, Annibale Carracci ya zana shi a 1596, amma wannan kam kar ka buɗe a gaban su Baba, tufafin sun yi ƙaranci.

In ka ga mujiya kar ka ce mugun abu, a wajensu tsuntsuwar Minerva ce, allahiyar hikima ta Rumawa, alamar ilimi. Inabi da kofi kuwa na Bakus ne, allan giya na Rumawa, alamar shagali.

Shi kangon kuma ka duba me ake yi a gindinsa, kiɗa da rawa ne ko wani tsoho ne ke nuna wa samari rubutu. Ka zuƙo hoton sosai. A zanen Bafaranshe Poussin da ke gidan tarihi na Louvre a Paris makiyaya ne suka taru a kan kabari, ɗaya ya durƙusa yana bin rubutun Latin da yatsa, wai mutuwa ce ke cewa ko a Arkadiya, ƙasar jin daɗi, tana nan.