Yadda ake tsallake hanyar Grossglockner da mota

Kilomita 48 ce kacal, amma ka ware mata yini guda. Wannan hanya ta ƙasar Ostiriya, wadda aka buɗe a 1935, ta tashi daga Bruck kusa da Zell am See ta sauka a ƙauyen Heiligenblut, wuraren da masu wasan zamiya kan ƙanƙara ke cikawa a lokacin sanyi.

Da farko duba wata. Daga farkon Mayu zuwa wajen farkon Nuwamba take a buɗe, sauran shekara dusar ƙanƙara ce ke binne ta. Da dare ma rufe ta ake yi, don haka yi sammako.

Na biyu, cika tanki tun a ƙasa, ka duba birki da ruwan lagireto. Ɗauki rigar sanyi ko da a Yuli ne. A Ferleiten za ka biya kuɗin hanya.

Na uku, hawa. Kwana 36 ne a hanyar, masu lanƙwasa kamar lauje. Rage gudu kafin ka shiga kwana, ka riƙe hannunka na dama, domin babura da masu keke ba sa yankewa. Ƙoli shi ne Hochtor, inda hanya ta ratsa ta cikin dutse, mita 2,504 sama da teku.

Saukowa ita ce mai wuyar, nan nake roƙonka ka nutsu. Gangarar tana kai kashi 12 cikin 100. Direban da ya ɗora ƙafa kan birki bai ɗaga ba, birkin zai yi zafi har ya daina ci. Sa giya ta biyu, wuri mai tsanani ta ɗaya, ka bar inji ya riƙe motar ko da yana kuka. Mai otomatik ya mayar da ita ƙaramar giya. Taka birki sosai ka saki, ka sake takawa. Kada ka kuskura ka ba ta firi. In ka ji ƙauri, faka a gefe ka jira ya huce da kansa, ban da watsa ruwa.

Kafin Heiligenblut, ratse dama zuwa Kaiser-Franz-Josefs-Höhe. Daga nan za ka hango kogin ƙanƙara na Pasterze, da dutsen Grossglockner mai tsayin mita 3,798. In ka ji fito daga cikin duwatsu, wata dabba ce mai kama da ƙatuwar gafiya ke gargaɗin 'yan uwanta. Daga nan sai gangara, har ka ga tsinin cocin ƙauyen.