Murar tsuntsaye a jikin mutum: kurakuran da aka fi yi wajen gane ta

Babban kuskure shi ne ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin na cizon sauro. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 takan fara da zafin jiki da ya haura digiri 38, da tari, da ciwon kai da na gaɓoɓi, alamomin da kowane magidanci a Garwa ko Marwa da ke arewacin Kamaru zai ce ya san maganinsu, sai a aiki yaro ya sayo ƙwayoyi a bakin kasuwa, a zauna jiran sauƙi. Wajen kwana na biyar cutar kan sauka huhu, numfashi ya yi sama-sama, kuma daga nan jiki yakan rikice da sauri. Daga 2003 zuwa yau, kusan rabin waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar sun kamu da wannan nau'i sun rasu.

Gyaran tambaya ce guda, wadda ba kasafai ake yi ba: shin majinyacin ya taɓa kaza, agwagwa ko zabo marar lafiya ko matacce cikin kwana goma da suka wuce? Ko da gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro, wajibi ne a yi ta, domin cututtuka biyu kan haɗu a jiki ɗaya. Iyalai ma kan ɓoye amsar, ba da mugun nufi ba. An saba ganin kaji suna mutuwa da hunturu, kuma da zarar kaza ta saki fukafukai ta fara gyangyaɗi, sai a yi maza a yanka ta kada ta zama mushe. Wadda ta fige ta, ta cire kayan ciki da hannunta, ta fi wanda ya ci dafaffen naman shiga haɗari, tunda dahuwa sosai tana kashe ƙwayar cutar. Agwagwa kuwa tana iya ɗauke da cutar alhali tana yawonta lafiya lau, kuma a jikin agwagwa aka fara gano H5N1 a Kamaru, a Marwa, cikin Maris 2006.

Akwai kuma masu jiran sai sun ga majina da atishawa. Wasu majinyata da gudawa da amai suke farawa, wasu kuma jan ido ne kawai, kamar yadda aka gani ga ma'aikatan gonakin shanu a Amurka a 2024.

Ta fannin magani, oseltamivir, maganin da ke yaƙar ƙwayar cutar mura, ya fi tasiri cikin awa 48 na farko da bayyanar alamomi, saboda haka ba a jiran sakamakon gwaji kafin likita ya fara ba da shi, ba a kuma hana wanda ya zo a makare. Kada a ba yaro asfirin, domin yana iya illata hanta da ƙwaƙwalwa. Gwajin gaggawa da ya nuna babu mura bai wanke majinyaci ba; a keɓe shi, a ɗauki samfur daga maƙogwaro, ba hanci kaɗai ba, a aika Cibiyar Pasteur ta Kamaru don gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar cutar kanta.