Yadda za ki koya wa yara rubutun allon laka a gida

In yara sun ishe ki da rigimar waya ran Asabar, ki haɗa su da wannan. Cikin rubutu mafi daɗewa a duniya akwai na birnin Uruk a kudancin Iraƙi ta yanzu, wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a jikin ɗanyar laka suke yi kuma yawanci lissafin sha'ir da tumaki ne, ba tatsuniya ba.

Yumɓu ya fi, amma a Legas samunsa sai an sha yawo, ƙasar bayan gida yashi ne zalla ba ta kamawa. To ki kwaɓa fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, ruwa kaɗan kaɗan har ya daina manne wa hannu. Kowa ya mulmula nasa ya danne shi ya yi faɗin tafin hannunsa.

Su mutanen wancan zamanin da karan fadama suke rubutu, mu tsinken ashana ya wadatar tunda yana da kusurwa. Nan fa yara ke shirme, sai su kama ja kamar biro. Ba ja ake ba, dannawa ake a ɗaga, sai ya bar alama mai faɗin kai da siririn wutsiya. Ki fara da ƙirga don shi ya fi sauƙi: dannawa ɗaya a tsaye 1 kenan, kusurwa mai kama da < kuma 10, sai ki ce su rubuta tumaki 23 da aka sauke a Agege, kusurwa biyu da tsaye uku. A faɗa musu da 60 mutanen ke lissafi, daga can mintinmu 60 ya samo asali.

Ɗaliban Nippur, wani tsohon birni a Iraƙi, kuwa malam ke rubutawa a allon laka su kwafa, in an gama a jiƙa a sake mulmulawa, kusan makarantar allo dai, don haka ki rubuta a gaba yaro ya juya ya kwafa a baya.

Bushewa ce matsala, da damina iskar Legas ba ta busar da komai, gishirin ma jan danshi yake. Ki sa a oben da wuta ƙasa ƙasa. In sun tambayi dalili ki ba su labarin Ninawa, tsohon birni a arewacin Iraƙi, da aka ƙone birnin a 612 kafin haihuwar Annabi Isa wutar ce ta gasa allunan sarki Ashurbanipal, dubbansu na gidan tarihi a Landan har yau.