Zaɓe a New York: Kada Ka Jira Sai Nuwamba

Shekarar da na karɓi takardar zama ɗan ƙasa, na cike fom ɗin rajistar zaɓe cikin murna. Da na iso gurbin da ake tambayar jam'iyya, sai na ce ina ruwana, ban baro siyasar gida don in ɗauki wata ba. Na zaɓi "babu jam'iyya". Watan Yuni na yi sallar asuba na nufi rumfar zaɓenmu a Bronx. Matar da ke kan teburi ta duba, ta ce sunana na nan, amma yau ba ni da ƙuri'a. Na koma gida raina a ɓace. Don kada hakan ta samu 'yan uwanmu na Najeriya da Nijar da zangunan Gana masu yin rantsuwar zama 'yan ƙasa kowace shekara nake wannan rubutu.

Kafin komai, ɗan uwa, idan girinkad (katin izinin zama) kawai gare ka, kada ka taɓa fom ɗin nan, ko da wani ya miƙo maka shi a bakin tashar jirgin ƙasa ko wurin karɓar lasin tuƙi. Laifi ne da zai iya sa a kore ka daga ƙasar. An taɓa yin dokar da za ta bai wa baƙi damar zaɓen birni, babbar kotun jiha ta soke ta a 2025.

A gida galibi wakilai ƙalilan ne ke taruwa a filin wasa su fitar da ɗan takara. Nan hukumar zaɓe ce ke gudanar da zaɓen fidda gwani, ranar Talata ta huɗu a watan Yuni, kuma duk wanda rajistarsa ta nuna yana cikin jam'iyyar yana da ƙuri'a. Wanda ba ya ciki, ƙofa a rufe. Shigar ba kuɗi ba kati, ɗan akwati ɗaya ne za ka yi wa alama a fom, kuma in babban zaɓe na Nuwamba ya zo ka zaɓi wanda ranka ya so ko daga wace jam'iyya yake.

Ban ce ka bi wata jam'iyya ba. Amma a yawancin mazaɓun Bronx, wanda Dimokurat ta tsayar shi ke cin zaɓen Nuwamba, don haka a Yuni ake yanke hukunci. A 2018 Alexandria Ocasio-Cortez ta kayar da Joe Crowley, jigo a majalisar wakilai ta tarayya, a zaɓen da ƙuri'unsa duka ba su kai 30,000 ba, tazarar kuwa kusan 4,000. Duk lokacin da na ga yadda muke cika sahu ranar Idi, wannan adadi nake tunawa.

Ranaku biyu za ka riƙe. Sabon mai rajista, fom ɗinsa ya isa hukuma kwana 10 kafin zaɓe. Wanda ya riga ya yi rajista yana son shiga jam'iyya ko sauya ta, sai takardarsa ta isa kafin 14 ga Fabrairu ya wuce. Wannan ta biyun ce ke kayar da mutane, domin a tsakiyar sanyi ba wanda ke maganar zaɓe.

Ranar zaɓe ana buɗewa ƙarfe 6 na safe zuwa 9 na dare. Direbobinmu da matanmu masu aikin kula da tsofaffi a gidaje, akwai kwana 9 na zaɓen wuri, har da Asabar da Lahadi biyu, sai dai a duba, wurinsa kan bambanta da rumfar da ka saba. In an ce ba a ga sunanka ba kada ka juya, ka nemi takardar ƙuri'a ta rantsuwa, daga baya za su tantance. Tsoho ko wanda Turanci bai zauna masa ba yana iya shiga da ɗansa ya taimaka masa. A zaɓen fidda gwani da na cike gurbi na kujerun birni, kamar magajin gari da kansila, kana jera mutum har 5 bisa yadda ka fi so, amma ban da babban zaɓe na Nuwamba. A kujerun jiha mutum ɗaya ne.

In Nuwamba ta zo, juya takardar. A bayanta ake buga tambayoyin da jama'a ke amsawa da e ko a'a, kuma da yawa suna fita ba su gan su ba. Ta nan aka amince da tsarin jera 'yan takara a 2019. Ta nan kuma a 2021 aka ƙi buɗe hanyar yin rajista ranar zaɓe, abin da zai amfani sababbin 'yan ƙasa irinmu. Turancinsu na lauyoyi ne, don haka ka karanta tun a gida.

Saura cike gurbi. Majalisar jiha tana da wakilai 150 da sanatoci 63. In wani ya rasu ko ya ajiye aiki, gwamna ke sa ranar zaɓe na musamman cikin 'yan makonni, kuma ba a yin fidda gwani: shugabannin jam'iyya na yankin ne ke zaɓo ɗan takara. Wannan tsari bai kwanta mini ba, don wanda ya hau ta haka yakan daɗe a kujerar. Ta wannan hanya aka cike kujerar tarayya da Tom Suozzi ya ci ranar 13 ga Fabrairu 2024, bayan korar George Santos. Irin wannan zaɓe kan zo a watan da ba ka zata ba, wani lokaci sanarwarsa kawai ita ce wasiƙar hukumar zaɓe da ke kwance cikin tarkacen tallace-tallace a akwatinka. Ni yanzu tawa a jikin firji nake manna ta, ranar kuma in zagaye ta da jan biro.