Yadda ake zaɓar tsarin ƙididdiga idan ƙauyuka aka raba ta ƙuri'a

A gwajin MORDOR, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2018, an ba yara azitromaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a Nijar da Malawi da Tanzaniya don a ga ko zai rage mace-macensu, kuma ƙauyuka aka jefa wa ƙuri'a, wannan ya sami maganin, wancan ya sami kwaikwayonsa marar sinadari. Yaran ƙauye ɗaya rijiya ɗaya suke sha, ɗakin shan magani ɗaya ake kai su, saboda haka sakamakonsu yakan yi kama da juna, kuma mai nazarin da ya ƙirga su tamkar baƙin juna yana iya ganin tasirin da babu shi.

Ana auna wannan kamanceceniya da ma'aunin ICC, adadin da ke nuna yadda sakamakon 'yan rukuni ɗaya, a nan ƙauye ɗaya, ke kama da juna. A cire 1 daga yawan mutanen rukuni, a ninka da ICC, a ƙara 1, sannan a raba jimillar mutanen gwajin da amsar don a san ainihin ƙarfin hujjarsu. Idan yara 100 ne a ƙauye, ICC kuma 0.02, amsar ita ce 2.98, wato yara 3,000 ba su fi kusan 1,000 ƙarfin hujja ba.

Don haka a fara ƙirga rukunai kafin mutane. Idan ba su kai 15 a kowane ɓangare na gwajin (masu magani da masu kwaikwayonsa) ba, abin da ya fi aminci shi ne a taƙaita kowane ƙauye zuwa adadi guda, kamar kason yaran da suka rasu, sannan a kwatanta ɓangarorin biyu da gwajin t, mai kwatanta matsakaicin ɓangarori biyu. Wasu na raina wannan hanya don sauƙinta, amma a ganina ba ta cika yaudarar mutum ba.

Idan rukunan suna da yawa, tambayar binciken ce za ta raba gardama. Tsarin GEE, hanyar lissafi mai la'akari da kamanceceniyar 'yan rukuni, wanda Liang da Zeger suka gabatar a 1986, yana ba da matsakaicin tasiri a kan al'umma baki ɗaya, abin da ma'aikatar lafiya ke son ji ke nan. Tsarin gauraye, mai ware wa kowane ƙauye nasa bambancin, yana bayyana tasirin a cikin rukuni, kuma idan sakamakon na "ya kamu ko bai kamu ba" ne, alƙaluman biyu kan bambanta. GEE yakan nuna girman kuskure ƙasa da yadda yake a zahiri idan rukunai ba su kai kimanin 40 ba, sai an yi masa gyara irin na Mancl da DeRouen. Tsarin gauraye kuma a haɗa shi da gyaran Kenward da Roger.

A rubuta zaɓin a takardar tsarin nazari tun kafin a buɗe bayanai, kuma idan gunduma-gunduma aka jefa ƙuri'ar, a saka gundumar a cikin lissafin.